Kazar Majami'a

A gidanmu na Tawa, kafin kiran asalatu ya ƙare, Kaka ta riga ta buɗe akurki. Kazarta ja ce, mai tsiya, kuma duk damina sai ta yi kwanci. Kaka kan saka mata ƙwan zabi cikin nata, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Nata su ƙyanƙyashe a kwana 21, na zabi sai an kusa kwana 28. Haka za ta ja su gaba ɗaya cikin tsakar gida, ba ta tambayar wane ne ɗan wa.

Mu Kirista 'yan kaɗan ne a Adar. Yawancin dattawan majami'armu ta hanyar Galmi suka biyo, inda mishan ɗin SIM ya buɗe asibiti a 1950, garin da duniya ta fi sani da albasa. Lahadi kuwa ranar kasuwar Tawa ce: muna waƙa, jakai na wucewa da kaya.

Wata Lahadi fasto ya karanta Matiyu sura 23, inda Yesu ya kamanta kansa da kaza mai son tattara 'yan tsakinta, Urushalima kuwa ta ƙi. Ya daɗe yana bayani. A hanyar gida na ce, "Kaka, don mi bai ce zaki ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin shirwa ta sauko? Kaza ba ta da ƙaho. Bayanta take bayarwa." Na gani kuwa, ba sau ɗaya ba: inuwa ta gifta, ta yi wata ƙara, tsakar gida ta zama wayam, sai ƙananan ƙafafu kawai ƙarƙashin fukafukai.

Bayan kaka akan yi godiya. Mai dami ya kawo dami, mai wake ya kawo tiya, mu yara mu jefa dala a kwando. Amma a 1984 ruwa ya ƙi, gero bai yi ba, mutanen Keita da Buza suka yi ta kwararowa gari. Kaka ba ta da ko zangarniya. Ta ɗaure jar kazar da tsumma ta miƙa mini. Na yi kuka har ƙofar majami'a. Ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma muryarta ba ta fita sosai ba.

Kwana uku sai ga matar fasto da sallama, kaza a hammata. Dattawa sun ce ba za a sayar ba, Kaka ta riƙe ta kiwo, in ta ƙyanƙyashe a raba wa gwauraye. Daga ranar sunanta ya koma kazar majami'a. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ba ta raga wa kajin kowa, in ta gan ta a bakin turminta sai ta ɗaga muciya, ta tuna, ta watsa mata tsaki tana mita.