Kafin ka ɗora shirinka a intanet, tuna da wayar mai saurare



Tun da muka fara ɗora shirye-shiryenmu a intanet, matasa ke tare ni da tambaya guda: wane mikro zan saya, wace kwamfuta ta fi? Ni kuwa tambayar da nake maida musu ita ce, wa zai saurare ka, kuma da wace irin waya?

Eriyar FM tana da iyaka. Muryarmu na iya kaiwa ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, amma ba ta kai Agadas, balle Sabha ko Tamanraset, inda ƴaƴanmu da yawa suka tafi neman kuɗi. Su ne suka fi ƙishin jin ko ruwa ya sauka, nawa ake sayar da tiyar hatsi, wa ya rasu, wa aka yi wa aure. Kuma yawancinsu, kamar na gida, forfe kaɗan suke iya sawa a waya. To, daga nan aikin ke farawa.

Abu na farko, nauyin sauti. Idan ka fitar da shiri a MP3 mai 128 kbps, kowane minti guda na cin kusan mega ɗaya. Shirin minti 30 ya kama kusan mega 29 ke nan. Mutumin da ke Issawan ko Kanambakashe, wanda sai ya nemi tudu rezo ke kama shi, ba zai sauke wannan ba. Amma in ka rage shi zuwa 32 kbps, ka maida shi mono, shirin nan dai kusan mega 7 ne kawai, kuma magana na fita sarai. Waƙa ce ke buƙatar nauyi, magana ba ta buƙata. Manhajar Audacity kyauta ce, tana yin wannan aiki. In ka yanka shirin gida uku, kowane minti goma, ya fi sauƙin turawa ta WhatsApp, kuma wanda ya samu zai iya ba maƙwabcinsa ta Bluetooth ba tare da kashe ko dala ba.

Na biyu, wurin ɗauka. Wallahi ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, domin kwano na maido da murya. Kashe fanka, sa waya a yanayin jirgi don kada kira ya yanke ka, ka bar kamar taƙi guda tsakanin bakinka da ita. Lokacin hunturu in za ka ɗauki hira a waje, ka juya wa iska baya, ka rufe mikro da ɗan ƙyalle.

Na uku, wuta. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba mu, jihohin Maraɗi da Damagaram suka sha duhu. Wanda ya dogara da kuran kaɗai ya gani. Ɗan ƙaramin fano na hasken rana da batirin ajiya sun fi mikro mai tsada amfani, tunda mikro ba ya magana in waya ta mutu.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna: mabuɗi. Na san wani abokin aiki da ya shekara biyu yana tara masu saurare, ashe layin da ya buɗe komai da shi sunan wani ke kai. Ranar da waya ta ɓace, bai iya maido da layin ba, duk wahalar ta bi ruwa. Don Allah ka buɗe da layin da aka yi rajista da katinka, Airtel ne, Moov ne, Zamani ne ko Niger Telecoms. Ka kunna lambar sirri ta biyu, wadda a WhatsApp lambobi 6 ne. In aikin na ƙungiya ne, kada mutum ɗaya ya riƙe mabuɗi shi kaɗai. Kuma kowane shiri ka ajiye shi wuri biyu, a waya da kuma a kart memuwar, da kwanan wata a sunansa. Hirar da ka yi da dattijon gari yau, wataƙila baɗi ba za ka same shi ba.

Sai rubutu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun saba rubuta "tch" da "ou", har wanda ya yi karatu a Katsina ya kasa gane mu. Gboard na da Hausa, da ƙ, ɗ, ɓ duka. Ka sa ta, domin kafa daban, ƙafa daban.

In ka shirya, ka gwada da ɗan shiri na minti biyar. Tura ma wani na ƙauye, ka tambaye shi abu biyu: ya sauka? Ya ji ka sosai? In ya ce i, to bismilla, ka fara.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi maido da matafiyanmu gida lafiya.