Sai Juma'a Mai Zuwa

Kawuna direban kwale-kwale ne tsakanin Yelwa da Wara. Yana saurayi ya yi leburanci a wurin gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. A can ne, in ji shi, ya fara kallon majigi, kuma daga can ya kwaso labarin Kunama.

Kunama wani mugu ne mai baƙar riga har ƙasa, fuskarsa a rufe, murya kawai ake ji. Kawu ba ya ƙarasa mana labarin a dare ɗaya. Sai an kai inda jarumi yake kwance a sume, ƙatuwar wuƙa na saukowa kansa, sai ya miƙe ya kakkaɓe tabarma.

"Kawu, ya mutu?"

"Sai Juma'a mai zuwa, 'ya'yan nan. Mu ma haka aka yi mana."

Mukan kwana bakwai muna gardama a bakin ruwa. Ni dai ban taɓa yarda zai mutu ba.

Sai da na girma, na mallaki waya, na ci karo da fim ɗin a YouTube. Sunansa Adventures of Captain Marvel, kamfanin Republic na Amurka ne ya yi shi a 1941, kashi 12. Kowane mako a nuna kashi ɗaya a sinima, a yanke daidai bakin halaka don mutum ya sake sayen tikiti. Dabarar da Labarina da Izzar So suke riƙe mu da ita yau, ashe tsohuwa ce. A kashi na ƙarshe aka yaye fuskar Kunama, sai ga shi ɗaya ne daga cikin abokan tafiya, wanda ake zaman shawara da shi tun farko.

Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na yi.

Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar gwamnatin tarayya da ke Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Daga Shanga har Ngaski muka koyi wani irin jira da ba shi da ranar Juma'a. Masu zuwa bisa babura sukan naɗe fuska da rawani, amma abin da ya fi hana mutum barci shi ne tunanin wanda ya nuna musu hanya. A kasuwa sai ka tsinci kanka kana kallon wanda kuka ci tuwo tare, kana istigfari a zuci.

Na je gaida Kawu bayan ya tsufa ya bar ruwa. Na ce masa fim ɗinsa ya yaudare mu, domin a can mako goma sha biyu ne ake gama da mugu.

Ya daɗe yana kallon tafki, sannan ya ce, "Ai ba don jarumin muke komawa ba. Kowa ya san zai tashi. Mun ƙi yarda ne a ce labari ya ƙare a inda mugu yake so."

Kawu ya rasu bara. Yanzu ni ke ba yaran gidanmu labarin Kunama, kuma a bakin wuƙar nan nake tsayawa. In sun tambaya ko ya mutu, sai in kakkaɓe tabarma.