Ziyarar Dessau, Garin da Aka Sauya wa Baƙaƙe Kama

Da sassafe na hau jirgin ƙasa daga Balin zuwa Dessau, wani ƙaramin gari a gabashin Jamus. Daga tasha tafiyar ƙafa ce kaɗan sai ga ginin Bauhaus, makarantar zane da Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919, ta kuma ƙaura zuwa nan a 1925. Bangonsa gilashi ne tun daga sama har ƙasa, sunan makarantar kuma yana jere a tsaye a gefensa, baƙaƙe tas, ba ado ko kaɗan.

Abin da ya kai ni shi ne aikin Herbert Bayer, wanda ya shugabanci sashen ɗab'i da talla daga 1925 zuwa 1928. A zamaninsa akasarin littattafai da jaridun Jamus da rubutun Fraktur ake buga su, mai kauri da lanƙwashe-lanƙwashe. Bayer ya ƙirƙiro salon da ya kira Universal, wanda ya gina da da'ira da miƙaƙƙen layi kawai, ya kuma watsar da manyan baƙaƙe. Wannan ba ƙaramar bajinta ba ce, domin a Jamusanci kowane suna da babban baƙi yake farawa. Hujjarsa ita ce baki ba ya furta babban baƙi, barinsa kuma yana rage ɓata lokaci.

Na daɗe ina duban kwafin fostar da Joost Schmidt ya zana don baje kolin makarantar na 1923. Da'ira ce a karkace, ja da baƙi, kalmomi suna bin gefenta. Babu fure, babu ƙawa. Ido yana faɗawa kanta sai ya bi layin har ya kai ga sunan gari da lokacin taro. Mutanen nan sun gane cewa mai wucewa a titi sauri yake yi, dole saƙo ya kama shi nan take.

'Yan Nazi sun rufe makarantar a Dessau a 1932, ta koma Balin, inda ta watse a 1933. Amma malamanta sun bazu a duniya da iliminsu, Bayer kansa ya tafi Amurka a 1938.

Kirana ga matasa masu zanen fosta da kwamfuta shi ne su nazarci aikin waɗannan magabata. Yawan launi da cunkoson hotuna ba su ne gwaninta ba. Fostar da aka karanta da kallo ɗaya ita ce ta biya buƙata.