Karen Baskabil da Masana'antun Unguwarmu

A cikin littattafan Turanci da ke laburaren makarantarmu akwai wani wanda bangonsa ya yage don yawan aro, sunansa The Hound of the Baskervilles. Arthur Conan Doyle ne ya rubuta shi, ya fito a 1902. Labarin wani tsohon gida ne a ƙasar Ingila, wanda ake cewa wani baƙin kare na aljanu yana bin zuriyarsa yana hallaka su. An tsinci gawar maigidan, da sawun wani ƙaton kare kusa da ita. Sai magajinsa ya zo daga Kanada, aka nemi Sherlock Holmes ya binciko asirin.

Abin da ya fi kama ni shi ne wurin da aka yi abin. Fili ne fetal mai duwatsu da hazo, ga wata fadama mai laka wadda ke haɗiye doki da ransa. Cikin dare a ji mace tana kuka a gidan, da safe baran gidan ya ce ba matarsa ba ce. Ni dai a ganina littafin ya fi daɗi a inda Holmes ba ya nan, aka bar abokinsa Likita Watson shi kaɗai yana lalube cikin duhu, domin a nan mai karatu yake jin bai fi Watson sanin komai ba.

Abokaina sun ce irin wannan wuri sai ƙasar Turawa. Ni kuwa a Sharaɗa aka haife ni. Duk wanda ya bi ta bayan masana'antun da aka rufe, da asuba, lokacin hunturu, ya san me nake nufi. Ga ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, ga tagogi ba gilashi, ciyawa ta fi mutum tsawo, in iska ta kaɗa kwanon rufi sai ka ji kamar ana nishi. Babana ya ce a da jiniyar kamfani ce ke tashe su, kekuna su cika titi tun daga Bompai har Challawa. Tun daga matsin tattalin arziki na 1986, da rashin wutar lantarki, da shigowar atamfofin waje masu araha, masaƙu da yawa suka yi shiru. Shi ma a cikinsu ya rasa aikinsa.

To, a littafin, ashe kare ne na gaske. Wani maƙwabci mai suna Stapleton, wanda ake yi wa kallon mai farautar malam-buɗe-littafi, ɗan dangi ne a ɓoye, gādo yake nema. Ya sayo ƙaton kare, ya shafa masa wani sinadari mai walƙiya cikin duhu. Bai ƙirƙiro tsoron ba, ya tarar da shi ne a bakin mutane, ya yi jari da shi.

Kawuna maigadi ne a wata rufaffiyar masana'anta. Shekara biyu ana cewa ana ganin wuta tana yawo a ciki, har abokan aikinsa biyu suka gudu. Mu Musulmi ba mu musun akwai aljanu. Amma Kawu ya ce bai taɓa jin aljanin da ke kwance injin ya kai ƙarfensa kan sikeli ba. Kowace safiya sai a ga waya ta ragu. Shi kaɗai ya rage yanzu, da tocila da sanda, kuma in kaya suka ƙare babu abin da zai yi gadi.

Wadda na fi tausaya wa a littafin ita ce matar baran gidan, mai kukan daren nan. Ƙanenta ne ya tsere daga kurkuku yana ɓoye a duwatsu, ana yi masa alama da kyandir ta taga a kai masa abinci. Allah Sarki! Karen ya bi shi ne saboda tufafin magajin da aka ba shi. Littafin ya wuce mutuwarsa da sauri, kamar an rage mugun iri. Ni kam a nan na ajiye shi, sai washegari bayan la'asar na iya ci gaba.