Gani Ya Kori Ji? Ƙanƙara A Cikin Injin Jirgin Sama

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana na daga cikin waɗanda na fara haddacewa sa'ad da nake koyon Hausa, kuma na riƙe shi hannu bibbiyu. To amma 'yan'uwa ɗalibai, akwai wurin da ido ba ya kaiwa, alhali rayukan ɗaruruwan mutane sun rataya a kan abin da ke faruwa a can. Wurin da nake nufi shi ne cikin injin jirgin sama, a lokacin da jirgin ya lula sama da ƙafa 30,000.

Mai karatu zai yi mamaki in na ce ƙanƙara kan taru a cikin inji, wurin da kowa ya sani da zafi. Ga yadda abin yake. A ƙasashe masu zafi, hadari kan yi tsiri ya ɗaga tururin ruwa can sama, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. A nan ruwan ke zama ƙwayoyin ƙanƙara ƙanana kamar garin fulawa. Idan suka bugi jikin jirgi sai su yi tsalle su wuce, domin a bushe suke. Amma idan inji ya zuƙe su, suka isa sashen da ke matse iska, sai ɗumi ya narkar da wasu. Ruwan ya jiƙa ƙarfe, sababbin ƙwayoyi su manne, su yi ta sanyaya ƙarfen har ƙanƙara ta kafu. Daga nan ko ta toshe hanyar iska ƙarfin inji ya ragu, ko ta ɓalle ta fasa fukafukan ciki, ko ma ta kashe wutar injin. Babban abin tsoro shi ne na'urar rada ta matuƙi ba ta cika hango waɗannan ƙwayoyi ba saboda ƙanƙantarsu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ranar 31 ga Yulin 2013, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747-8 na kamfanin AirBridgeCargo ya tashi daga Mosko zuwa Hong Kong, ya ci karo da irin wannan ƙanƙara a sararin samaniyar ƙasar Sin. Ya sauka lafiya, amma an tarar uku daga cikin injunansa huɗu sun sami lahani. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta umarci jiragen 747-8 da 787 masu injin GEnx su nisanci irin wannan hadari da kusan kilomita 93. Daga baya kamfanin General Electric ya gyara manhajar injin, yadda wasu ƙofofi za su riƙa buɗewa suna fitar da ƙanƙarar.

To yaya masana ke nazarin abin da ba sa gani? Ba mai hankalin da zai cika jirgi da fasinjoji ya kutsa cikin hadari don gwaji. Saboda haka suka koma ga kwaikwayo da kwamfuta. Mu ɗaliban adabi mun san wasan kwaikwayo, inda ɗan wasa ke ɗaukar halin wani don mu fahimci rayuwa. Haka kwamfuta ke yi, sai dai da lissafi. A ba ta siffar injin, da zafi da saurin iska da laimarta. Ita kuma ta bi sawun ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya: ina suka bi, yaya suka farfashe, nawa ne suka narke, a ina za su manne. Hukumar NASA ta Amurka na da manhajoji irin su COMDES-MELT da GlennICE don wannan aiki. Abin da nazarin ya nuna ya burge ni ƙwarai: haɗarin yana tsakiya ne. In ƙanƙarar ta cika bushewa ba ta mannewa, in ta cika narkewa sai ta kwarara ta wuce.

Ni dai sau ɗaya na taɓa shiga jirgi, daga Legas zuwa Kano da damina. Na leƙa taga na ga gizagizai sun yi tsiri kamar duwatsu, na kuma tuna cewa lafiyata ta dogara da lissafin mutanen da ban taɓa gani ba. A nan tambaya ta zo mini: me zai sa in yarda da kwaikwayo? Ai kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka ɗura mata, kuma abin da ka shuka shi za ka girba.

Amsar da ta kwantar mini da hankali ita ce, su kansu masanan ba su yarda da kwamfutar ido rufe ba. A 2013, a cibiyar bincike ta Glenn da ke Cleveland, NASA ta sa injin ALF502 na gaske a ɗakin gwaji mai sanyi da ƙarancin iska irin na sama, ta fesa masa ƙwayoyin ƙanƙara, ƙarfinsa kuwa ya ragu kamar yadda ya taɓa faruwa a sararin samaniya. Haka kuma a 2014 a Darwin ta Ostireliya, da 2015 a Kayen ta Kudancin Amurka, masu bincike sun shiga cikin gizagizai da jirgin bincike na Faransa ƙirar Falcon 20, suka auno yawan ƙwayoyin da girmansu. Da irin waɗannan awo ake auna gaskiyar kwamfuta, a gyara ta inda ta kauce.

Daga ƙarshe, a nawa ganin, kwaikwayo bai kori gani ba. Yana dai nuna wa ido inda ya kamata ya duba, ya rage tsadar gwaji da haɗarinsa. Amma ranar da injiniya ya amince da hoton da ke kan allon kwamfuta ba tare da ya gwada shi da ƙarfe da ƙanƙara na gaske ba, fasinja ne zai biya kuɗin wannan ganganci, kuma ba da naira zai biya ba.