Rana Ta Biyu Bayan Harbin Zuma

A littattafanmu ciwo sauri gare shi: mutum ya yanke jiki ya faɗi, a kwashe shi sai asibiti, likita ya fito yana share zufa. Harbin zuma mai yawa kuwa yakan jira sai hankalin kowa ya kwanta.

Bazarar da ta wuce, maigadin wani gida a layinmu nan GRA ya hau bedi zai rage reshe, ashe zuma ta yi gida a kogon. Duk wadda ta yi harbi tana barin ƙarinta a fata, yana ci gaba da tura dafi, yana kuma fitar da wani ƙamshi mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran. Kafin ya diro sun rufe shi. Aka cire abin da ya ciru, aka ba shi maganin kumburi, da dare har ya ci tuwo. Muka ce Baba ya auna arziki.

Washegari fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ya ɗauke.

Haɗarin iri biyu ne, mutane na haɗe su. Wani harbi ɗaya ya ishe shi, don garkuwar jikinsa ce ke wuce gona da iri: borin jini, kumburin maƙogwaro, jini ya sauka cikin mintuna, sai an yi gaggawar allurar adirenalin. Na Baba daban ne, yawan dafin ne. Kusan rabin busasshen dafin zuma wani sinadari ne, melitin, mai fasa ƙwayoyin jini da na tsoka. Tarkacen sai ya bi jini ya toshe ƙoda, shi ya sa fitsarin ya canza kala. Ga zumar Afirka da faɗa. Wadda aka kai Burazil daga nahiyarmu a 1956, da ta tsere ta haɗu da tasu, har laƙabin makashiya ta samu.

Ni a ganina labarin yana cikin daren tuwon nan, kowa na dariyar kumburarriyar fuskarsa alhali ƙoda na gazawa. Ban taɓa cin karo da irin wannan daren a littafinmu ba.

Sai da aka yi wa Baba wankin ƙoda kafin fitsari ya dawo. Bedin kuma mai gidan ya kira masu shan zuma daga ƙauye, suka zo da hayaƙi bayan isha'i.