Ruwan Wanke Hoto da Zafin Ibadan

A shekarar 2019 ne muka yi wata asara wadda har yau idan muka tuna ta sai jikinmu ya yi sanyi. Akwai wata dattijuwa a unguwar Sabo ta Ibadan da muka shafe wata huɗu muna zuwa wurinta ɗaukar tatsuniyoyi da waƙoƙin daka. Ta yarda a naɗi muryarta, amma hoto kam ta ce a kai kasuwa. Sai ranar da muka je sallama ta yafa farin mayafi ta ce, "To ɗana, ɗauki abinka." Muka bar waya a aljihu, muka fito da tsohuwar kyamarar da muka gada wurin mahaifinmu, muka cika fim guda na baƙi da fari, hoto 36.

Da hannunmu muke haɗa ruwan wanke hoto, irin haɗin da kamfanin Kodak ya sa wa suna D-23. Ba shi da wuya: giram 7.5 na sinadarin metol, da giram 100 na sodiyam salfayit, a cika da ruwa ya kai lita ɗaya. Metol ake fara narkarwa a ruwa mai ɗumi, domin idan aka riga shi da ɗan'uwansa sai ya yi taurin kai. Duk wannan mun sani. Abin da muka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne cewa lokacin da littattafai suke bayarwa an auna shi ne a kan ruwa mai zafin digiri 20. A daren nan ruwan famfonmu ya kai digiri 30, muka bar fim ɗin a ciki minti tara kamar muna Ingila. Bugu da ƙari, da muka farga, sai muka ɗauraye shi da ruwan firiji, wai mu gyara. Danƙon da ke riƙe da hoton, wanda zafi ya riga ya kumbura, ya tsattsage kamar bushasshen taɓon kududdufi. Kafin mu sami sukunin komawa Sabo, Allah ya yi wa dattijuwar rasuwa.

Daga baya ne muka zauna muka koyi abin da ya kamata mu koya tun farko. Zafi yana gaggauta aikin sinadari, ta yadda aikin minti tara zai iya kammala cikin ƙasa da minti huɗu. Mai karatu zai ce, ai sai a rage lokacin, shi ke nan. To, masu sana'ar sun daɗe suna gargaɗi cewa wankin da bai kai minti biyar ba yakan fito da dabbare-dabbare, domin kafin a gama zuba ruwan wani sashe na fim ɗin ya riga wani. Ƙanƙara kuwa sai da wutar lantarki, wadda ba mu da alkawari da ita. Randa ma, da take sanyaya ruwa a Kano saboda bushewar iska, a nan kudu laima ta kashe mata ƙarfi.

Saura sirki ke nan. Kamar yadda uwar gida takan tsinka kunu idan ya yi kauri, haka muke ƙara wa haɗin ruwa domin mu rage masa zafin nama, lokacin wanki ya dawo daidai da abin da hannu zai iya sarrafawa. Mu dai kashi ɗaya muke ɗiba mu zuba masa ruwa kashi uku, wato mililita 125 da ruwa 375 ga fim guda. Ba mu rage ɗibar ƙasa da haka, gudun kada sinadarin ya ƙare tun hoton bai nuna ba. A littafin da muke rubuta gwaje-gwajenmu, minti goma a digiri 28 shi ya fi yi mana kyau. Sirkakken ruwa ba ya ajiyuwa, ana gamawa a zubar. Haka kuma ɗigon hoton yakan ɗan fito fili, abin da wasu ke ƙyama, mu kuwa ya fi burge mu a fuskar tsofaffi. Sauran ruwan duka, na tsayarwa da na kafewa da na ɗauraya, tun da yamma muke jera su wuri ɗaya domin zafinsu ya daidaita.

Fim ɗin Sabo yana nan cikin ambulan tare da rubutattun tatsuniyoyinta. A cikin 36 ɗin, guda ɗaya ne ake iya gane wani abu, hannunta na dama a ɗage, daidai inda Gizo yake rantse wa Ƙoƙi cewa ba shi ya cinye gyaɗar ba.